Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga iyaye Hausawa mazauna New York: kar mu ara wa 'ya'yanmu kakar da ba tasu ba

Assalamu alaikum iyayenmu malamai, shugabannin ƙungiyarmu, Alhazai da Hajiyoyi, yayyena da ƙannena na Bronx da Harlem da Brooklyn, har da waɗanda suka tsallaka New Jersey. Fatan kowa na lafiya, ya aiki, ya sanyi, ya yara.

Da farko na so in yi maganar nan a saƙon murya in tura guruf ɗinmu na WhatsApp, amma kun san yadda guruf yake, kafin a wayi gari sanarwar biki da suna da ta'aziyya sun binne ta. Shi ya sa na zauna na rubuta, dan Allah a daure a karanta har ƙarshe, musamman masu yara a ajin ƙarshe na sakandare da ke cike fom ɗin jami'a a bana.

Sati biyu da suka wuce wata aminiyata ta zo gidana da ɗanta, wai 'yata ta duba masa insha'in da zai tura wa jami'o'i tunda ita ta riga ta bi hanyar, tana shekara ta biyu yanzu. Muna kicin ni da uwar sai na ji falo ya yi tsit, can sai 'yata ta ce Umma zo ki ji. Ta karanta min tana fassarawa. Yaron nan ya rubuta labarin kakarsa ta wajen uwa 'yar Santo Domingo, babban birnin Jamhuriyar Dominika, yadda take dafa masa mangu, abincin 'yan can, da safe, yadda yake kiranta abuela, wato kaka da Sifaniyanci, yadda ta koya masa addu'a da Sifaniyanci. Kuma a fom ɗin, wajen da ake tambaya ko kai Hisfanik ne, wato mai asali da ƙasashen da ke jin Sifaniyanci, ya dangwala eh. Wallahi sai da jikina ya yi sanyi. Na san kakar yaron nan, na ci tuwonta, na kwana a ɗakinta lokacin da na je gida, tsohuwar ko tekun ba ta taɓa tsallakewa ba sai da ta je Hajji. Ita ce ta sai da gonarta aka haɗa wa uwar yaron kuɗin tahowa. An ɗauke ta daga labarin jikanta an sa wata da ba a taɓa halitta ba.

Na juya na kalli ƙawata na ce wance mene ne wannan? Ta ce ai ba su ba ne, mai cike musu fom ne ya tsara haka. Wani mutum ne da wasunku sun sani, ba zan kama suna ba, yana karɓar kuɗi masu kauri a hannun iyaye da sunan ya san kan adimishan. Abin da ya gaya mata shi ne, Hisfanik ba launin fata ba ne, baƙi ma yana iya zama Hisfanik dan haka babu mai gane ka, yaron kuma ya tashi a Bronx yana jin Sifaniyanci a titi da makaranta, sannan wai tunda jami'o'i na fifita tsiraru, gurbi biyu ya fi ɗaya, ga baƙar fata ga Hisfanik. Har ya nuna mata a waya cewa a Harvard baƙaƙe sun ragu amma Hisfanik sun ƙaru. Ta ce min kuma ba ita kaɗai ba ce. Wannan kalmar ta ƙarshe ce ta hana ni barci.

To bari mu fara da abin da mutumin ya faɗa na gaskiya, dan ƙaryar da aka gauraya da gaskiya ita ta fi saurin shiga kunne. Eh, a tsarin gwamnatin Amurka Hisfanik ba launi ba ne. A 1977 ofishin kasafin kuɗi na fadar shugaban ƙasa ya fayyace cewa Hisfanik shi ne wanda asalinsa Meziko ne ko Puerto Rico ko Kuba ko ƙasashen tsakiya da kudancin nahiyar Amurka ko wani asali na al'adar Sifaniyanci, ko wane irin launi gare shi. A ƙidayar 2020 sun haura miliyan 62, kusan mutum ɗaya cikin biyar kenan a ƙasar nan. A cikinsu akwai fari tas, akwai wanda ya fi ni da ku baƙi, mu da muke hawa jirgin ƙasa da 'yan Dominika kullum ba sai an gaya mana ba. Kuma gaskiya ne ba a neman takardar shaida, abin da ka rubuta shi ake ɗauka. Amma a kula da kalmar, asali aka ce. Ba a ce wanda ya iya yaren ba, ba a ce maƙwabcinsu ba, ba a ce wanda yake cin shinkafa da wakensu ba. An bar ƙofar a buɗe ne saboda an yarda mutum zai faɗi gaskiya a kan iyayensa, amana ce aka ba mu.

Abin da bai gaya mata ba shi ne, kasuwar da yake sai da kayan nan ta riga ta tashi. Ranar 29 ga Yuni 2023 kotun ƙolin Amurka ta yanke hukunci a shari'ar da ƙungiyar Edward Blum, mai adawa da fifikon jinsi, ta shigar kan Harvard da jami'ar North Carolina, ta ce ba a yarda jami'a ta fifita ɗalibi saboda jinsinsa ba. Alƙalai 6 suka rinjayi 3 a shari'ar North Carolina. Daga nan Common App, fom ɗin nan da yaranmu ke cikewa sau ɗaya ya tafi jami'o'i sama da 1,000, ya ba jami'o'i damar ɓoye amsar launi da asali, manyan makarantu da yawa masu karanta takardun yaro ba sa ma ganin abin da ya dangwala sai bayan an gama zaɓe. Wato uwa ta biya kuɗi an yi wa ɗanta ƙarya a gurbin da mai yanke hukunci ba zai ma gani ba.

Lissafin Harvard ɗin ma rabinsa ya nuna mata. A ɗaukan farko bayan hukuncin, na 2024, baƙaƙe sun sauko daga kashi 18 zuwa 14, Hisfanik sun hau daga 14 zuwa 16, haka ne. Amma a shekarar da ta biyo baya Hisfanik ɗin sun faɗo zuwa 11. A MIT kuwa tun ɗaukan 2024 Hisfanik suka sauko daga kusan 16 zuwa 11, baƙaƙe daga 13 zuwa 5. A kwalejin Amherst Hisfanik sun sauko daga 12 zuwa 8. Su kansu masu sunan na gaskiya ƙofar matse su take yi, sai mu kuma mu zo da sunan aro mu ƙara cunkoso a bakinta.

Shi ya sa ƙaryar ta koma cikin insha'i, kuma nan ne ta fi min ciwo. Babban alƙali John Roberts a cikin hukuncin ya bar wata 'yar kafa, ya ce babu abin da ya hana jami'a ta saurari ɗalibi idan ya ba da labarin yadda jinsinsa ya shafi rayuwarsa, ko wariya ce ya fuskanta ko wani abu ne ya zaburar da shi, matuƙar abin da ake dubawa shi ne halin yaron da abin da ya iya. Kenan yanzu dangwale ɗaya ba ya isa, sai yaro ya zauna ya ƙaga mutum sukutum, ya ba ta suna da gari da abinci da murya, cikin kalmomi 650 da aka ba shi dan ya faɗi ko shi wane ne. Yaro ɗan shekara 17 fa. Darasin farko da muka ba shi a bakin ƙofar jami'a shi ne naka bai isa ba, sai ka ari na wani. Kuma a ƙarshen fom ɗin akwai wajen da yaro ke sa hannu cewa duk abin da ya rubuta gaskiya ne kuma aikinsa ne, jami'a na da ikon janye gurbin, ko ta kore shi bayan ya fara, ko ma ta soke digirin idan ta gano ƙarya. Sa hannun yaron ne a wurin, mai cike fom ya karɓi kuɗinsa ya yi gaba.

Kar wani ya ce ba a kamawa. A badaƙalar Rick Singer ta 2019, wadda attajirai suka riƙa saya wa 'ya'yansu gurbi, akwai wata uwa daga California da aka rubuta a fom ɗin ɗanta cewa shi baƙar fata ne kuma Hisfanik alhali ba haka ba ne, ta biya dala 15,000 aka gyara masa amsoshin jarabawa, ƙarshenta ta yi zaman gidan yari. Akwai Jessica Krug, malamar tarihi a jami'ar George Washington, ta shekara da shekaru tana cewa ita baƙar fata ce mai asali da Puerto Rico kuma a nan Bronx ɗinmu ta tashi, a 2020 ta fito ta ce ƙarya take, farar fata ce daga yankin Kansas City, ta rasa aikinta. Waɗannan masu kuɗi ne da masu ilimi da lauyoyi. Ni da ke da muke aikin kula da tsofaffi a gidajensu, da kai Alhaji da kake tuƙa tasi dare da rana, wa zai tsaya mana? Kuma yaron da ya shiga da wannan sunan, za a gayyace shi ƙungiyar ɗalibai 'yan Latin, za a tambaye shi wane gari kakarka take, wata yarinya 'yar garin za ta ce laa unguwarmu ce, gidan su wa? Shekara huɗu zai yi yana tsoron wannan tambayar.

Amma ko da ba a kama kowa ba har abada, ina so mu tsaya mu tambayi kanmu wannan rangwamen da ake yi wa Hisfanik a da, daga ina ya samo asali. Ba dan yarensu na da daɗi ba ne. A shekarun 1940 a garin Westminster na California wata yarinya Sylvia Mendez, ubanta ɗan Meziko uwarta 'yar Puerto Rico, aka kai ta makarantar unguwa ita da 'yan uwanta aka ce ba za a ɗauke su ba, su tafi makarantar da aka ware wa 'yan Meziko. 'Ya'yan gwaggonta kuwa da suke da hasken fata da sunan da bai yi kama da na Meziko ba aka ce su za a ɗauka, gwaggon ta ƙi, ta kwashe yaran duka ta koma gida. Iyayen Sylvia da wasu iyalai huɗu suka kai ƙara, a 1947 kotun ɗaukaka ƙara ta ba su gaskiya, shekara bakwai kafin hukuncin Brown na 1954 da ya haramta raba makarantun baƙaƙe da farare. Irin wannan tarihin ne a bayan kalmar. Mutanen da aka hana karatu da sunan, su ne aka ce a riƙa tunawa da su da sunan. Mu ba mu sha wannan ba, namu daban ne.

Kuma tunda magana ta zo nan bari in faɗi wadda na san ba za ta yi wa wasu daɗi ba. Ko gurbin baƙar fata da yake namu ne halak malak, ba guminmu ne ya haƙa rijiyar ba. Jikokin bayin da aka kawo ƙasar nan ne suka sha duka da cizon karnukan 'yan sanda da ɗauri har aka yi dokar 'yancin ɗan ƙasa ta 1964, sannan dokar shige da fice ta 1965 ta buɗe wa irinmu ƙofa. Tun shekaru da dama da suka wuce manyan malaman Harvard biyu, Henry Louis Gates da Lani Guinier, suka yi ƙorafi a taron tsofaffin ɗalibai baƙaƙe cewa akasarin baƙaƙen da ke Harvard baƙi ne daga Afirka da Karibiyan ko 'ya'yansu ko kuma ruwa biyu, jikokin bayin su ne 'yan kaɗan. Wani bincike da aka buga a 2007 ya nuna kusan kashi 41 na baƙaƙen ɗalibai a manyan jami'o'in nan da ake kira Ivy League 'yan ci-rani ne ko 'ya'yansu. Wato mun riga mun sha ruwan rijiyar wasu, da izini dai, ba a ce mun yi sata ba, amma kamata ya yi mu sha da kunya da godiya. Sai kuma a ce mun zagaya rijiya ta biyu da gugan ƙarya? Haba jama'a.

Ni a ra'ayina hukuncin 2023 bai yi adalci ba, ba zan ɓoye ba. Tun shari'ar Bakke ta 1978 kotu ta hana ware kujeru, lokacin makarantar likitanci ta Davis a California tana ware wa tsiraru 16 cikin 100, amma ta bari a duba jinsi a matsayin abu ɗaya cikin abubuwa da yawa. A 2003 mai shari'a Sandra Day O'Connor ta ce tana sa ran nan da shekara 25 ba za a buƙaci hakan ba, sai ga shi ko 25 ɗin ba a cika ba aka rufe. Aka kuma bar fifikon da ake yi wa 'ya'yan tsofaffin ɗalibai da 'ya'yan masu ba da gudummawa, alhali bayanan da suka fito a shari'ar Harvard ɗin sun nuna kusan kashi 43 na fararen da aka ɗauka 'yan wasanni ne ko 'ya'yan tsofaffin ɗalibai ko 'ya'yan ma'aikata ko waɗanda ke cikin jerin alfarma na shugaban ofishin ɗaukar ɗalibai. Na san wani zai ce to tunda su ma da hanya suke shiga mu ma mu nemi tamu. Na ji wannan zafin, ina jinsa a raina. Amma wanda zai rasa kujera ko tallafin karatu saboda ƙaryarmu ba ɗan attajiri ba ne, 'yar matar nan ce da muke jiran bas tare da asuba, wadda ke goge ofisoshi a Manhattan, ita ce kakarta take Santo Domingo da gaske.

Kuma mu 'yan Najeriya cikinmu wa zai ce bai san wannan ciwon ba? A gida akwai tsarin raba gurbin jami'o'in tarayya, kashi 45 cancanta, 35 yankin da jami'a take, 20 jihohin da aka bari a baya a ilimi, jihohinmu na arewa su suka fi yawa a ciki. Sau nawa muka zauna muna kuka cewa wasu na zuwa ƙaramar hukuma su sayi takardar shaidar zama ɗan asali, su cinye gurbin ɗan ƙauyen da aka yi tsarin dominsa? Muna kiran abin zalunci da cin amana, muna tsine wa jami'in da ya sa hannu. To abin da ake so a koya mana a nan shi ne ainihin wannan, takardar asali ta bogi, sai dai da Turanci.

Malamanmu, ku kuka fi ni sani, amma abin da muka taso muna ji shi ne Allah Ya ce a kira su da sunan ubanninsu, a cikin Suratul Ahzab, har Zaidu ɗan Harisa da ake kira ɗan Muhammadu aka mayar masa da sunan mahaifinsa. Akwai kuma hadisi ingantacce mai tsoratarwa a kan wanda ya jingina kansa ga wanda ba ubansa ba yana sane. Ni ba mai fatawa ba ce, roƙona dai ku ɗauki maganar nan ku yi mana ita a huɗuba ko a karatun ƙarshen mako kafin wa'adin tura fom na watan Janairu, dan iyaye da yawa ba su ɗauki abin a matsayin maganar nasaba ba, gani suke dabara ce ta cike takarda kawai.

Akwai ɗaya ɓangaren da ba zan tsallake ba dan kar a ji ni a karkace. A cikinmu akwai yaran da Hisfanik ne na gaskiya. 'Yan uwanmu maza da dama sun auri 'yan Puerto Rico da 'yan Dominika, wasu matan sun musulunta muna sallar idi tare. 'Ya'yansu idan suka dangwala Hisfanik gaskiya suka faɗa, danginsu na uwa dangi ne, kuma ba daidai ba ne abin da nake ji wasu na yi, ana ce wa yaro ai kai Bahaushe ne ka manta da wancan ɓangaren, ko a riƙa zunɗen uwarsa a wajen biki. Yaro ya rubuta kakanninsa duka biyu da alfahari. Sannan akwai waɗanda aka haifa a Sifen lokacin da iyayen ke can kafin su ƙaraso nan, yaro ya yi firamare da Sifaniyanci. Irin wannan kar dillali ya yanke masa hukunci, ya je wajen mai ba da shawara na makarantarsu ya faɗi yadda abin yake, a insha'i kuma ya rubuta zahiri, an haife ni a wuri kaza, iyayena Hausawa ne, da yare kaza na fara karatu. Wannan kaɗai labari ne da ya ishe shi.

Ga shugabannin ƙungiya kuma, abin da nake nema a wajenku ba mai wahala ba ne. Muna da yara a CUNY da SUNY, jami'o'in gwamnati na birni da na jiha, da manyan jami'o'i masu zaman kansu, a tara su ranar Asabar ɗaya ko biyu a ɗakin taron masallaci su taya ƙannensu cike fom kyauta, a daina tura iyaye wajen mai karɓar kuɗi. Iyaye da yawa ba su san akwai hanyoyi na halal da suka dogara da ƙarfin aljihun gida ba, SEEK a CUNY, EOP a SUNY, HEOP a jami'o'i masu zaman kansu na jihar nan, ga shirin QuestBridge na ɗalibai masu ƙaramin ƙarfi, ga FAFSA da TAP na neman tallafin gwamnati. Harvard da MIT duk sun sanar cewa daga 2025 gidan da kuɗin shigarsa bai wuce dala 200,000 a shekara ba ba zai biya kuɗin karatu ba, mu nawa ne cikinmu muke kama ko rabin wannan? Kuma duk wanda aka riga aka tura wa ɗansa fom da irin wannan ƙaryar, ya sa yaron ya rubuta wa ofishin ɗaukar ɗalibai ya gyara tun kafin a yanke hukunci, gara kunyar yau.

Shi yaron ƙawata Alhamdulillahi bai riga ya tura ba. Ranar nan 'yata ta ce masa to ba ni labarin kakarka ta gaskiya, ya yi shiru, can ya fara, yadda take kiransa a waya duk Juma'a ta ƙi ajiyewa sai ya biya mata inda ya tsaya a hadda, yadda shi ne yake raka uwarsa asibiti yana mata tafinta tun yana ɗan shekara 9, yadda ya gano maganar gonar da aka sayar. Uwar tana gefe tana share hawaye da bakin mayafi. Sun goge wancan sun fara sabo, ya cire dangwalen. Kuɗin da ta ba mutumin dai har yau bai dawo da su ba, kuma ina roƙon shugabanni su kira shi su zauna da shi, sunansa yana wajena zan ba ku a keɓe. 'Yata ta ce ita da ƙawayenta biyu a shirye suke ranar Asabar ta farko da kuka sa, ku dai sanar da mu lokaci.

Wassalam,
'Yar uwarku, wata uwa daga Bronx.